Yadda Ake Gwada Itace a Ruwa Don Sanin Wanda Zai Taso da Wanda Zai Nutse

Idan ka tambayi yara a aji ko itace yana nutsewa a ruwa, kusan dukkansu za su ce a'a. Amma masuntan kogin Rima na Sakkwato da masassaƙan turmi ba za su ba ka wannan amsa ba, domin sun sha ganin gungumen kirya ya faɗa ruwa ya tafi ƙasa, sun kuma ga guntun rimi yana yawo a sama kusan bai jiƙe ba. Duka biyun itace ne. Abin da ya raba su shi ne nauyin kowane gwargwadon girmansa, wato abin da ake kira dansiti a darasin kimiyya, kuma ana iya auna shi a tsakar gida da kayan da ba su fi ƙarfin kowa ba. Ina yin wannan gwaji da ɗalibaina duk shekara, kuma ga yadda nake bi.

Ka riƙe lamba ɗaya kafin mu fara. Ruwa lita 1 nauyinsa kilo 1 ne, mililita 1 kuma giram 1. Saboda haka dansitin ruwa 1 ne. Duk itacen da lissafinsa ya fito ƙasa da 1 zai taso, wanda ya haura 1 kuma zai nutse. Sauran aikin duk neman wannan lamba ne.

Kayan aiki

Za ka buƙaci bokiti ko baho mai tsabta, da gorar roba ta ruwan sha mai lita ɗaya da rabi wadda aka yanke wuyanta, da rula ko tef ɗin tela, da zarto, da wuƙa mai kaifi, da maka ko biro don yin alama, da doguwar allura ko tsinken wayar keke da aka fiƙe bakinsa. Sai sirinji mai mil (wato mililita) 20 ko 50 daga kemis, ba tare da allurarsa ba. Idan babu sirinji, fidar jarirai mai zanen awo a jiki tana yin aikin, haka ma ɗan kofin da ke zuwa da maganin tari, sai dai shi zai sa ka yi ta ɗiba. Sai gishiri kamar rabin kilo, da guntun kyandir, da littafin rubutu.

Sikeli na dijital mai auna giram yana sauƙaƙa aikin ƙwarai. Irin na kicin nake nufi. Sikelin rataye na masu nama da na buhun hatsi ba su da amfani a nan, domin ba sa jin giram goma ko ashirin. Wanda bai da sikeli kada ya fasa, akwai hanyar da ba ta buƙatarsa a mataki na 5.

Game da itacen kuwa, don Allah kada a sare bishiya mai rai saboda gwaji. Mun san yadda hamada ke matso mu ta Gada da Illela da Tangaza a arewacin jihar Sakkwato. Je ka wurin kafinta ko 'yan katako ka roƙi ragowar yanka, ka je wurin masassaƙa da masu sayar da itacen girki. Ka nemi iri dabam-dabam: rimi ko kuka a ɓangaren marasa nauyi, gawo da darbejiya da maɗaci a tsakiya, sai kirya da marke da bagaruwa da tsamiya a ɓangaren masu nauyi. Idan ka sami guntun azarar giginya ka haɗa da shi, yana da abin koyarwa. Ka tambayi mai itacen sunan kowane tun a wurin ka rubuta a jikinsa, saboda da zarar an fere ɓawo, ba kowa ke iya bambanta marke da bagaruwa ba.

Mataki na 1: Shirya guntayen

Daga kowane iri ka fitar da abu biyu. Na farko ɗan sanda miƙaƙƙe mai tsawon santimita 20, kaurinsa kamar babban yatsa, kuma kaurin ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Na biyu ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, kamar santimita 10 a tsawo, 5 a faɗi, 4 a kauri. Kafinta zai yanka maka su cikin 'yan mintuna.

Ka fere ɓawon gaba ɗaya. Ka guji wurin da reshe ya fito, domin idon itace ya fi sauran jikinsa nauyi, ka kuma guji wanda gara ko ƙwaro ya huda, shi kuma zai nuna maka rashin nauyin da ba nasa ba. Sannan ka dubi bakin yankan da kyau. A yawancin itatuwa za ka ga tsakiya ta yi ja ko baƙi-baƙi, gefen da ke kusa da ɓawo kuma fari. Jar tsakiyar nan ita ce zuciyar itacen, kuma a irin su tsamiya da kirya takan fi farin gefen nauyi. Idan ka yanko guntu rabinsa fari rabinsa ja, lambar da za ka samu ba ta kowa ba ce. Ka zaɓi ɗaya, ko ka gwada kowane dabam. Giginya ta saɓa wa wannan tsari: baƙin gefenta shi ne mai ƙarfi da nauyi, cikinta kuwa laushi gare shi, abin da ya sa ake tsaga ta a fitar da azara daga gefe ke nan.

Mataki na 2: Busarwa

Yawancin masu farawa a nan suke ɓata aikinsu. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani ma kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan ka jefa shi a baho ya nutse, ba ka san ko itacen ka gwada ba ko ruwan da ke cikinsa.

Ka jera guntayen a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kan tsinke ko bulo, kada su taɓa ƙasa. Kada ka shanya su a tsakiyar rana. Ranar Sakkwato a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana tsattsaga ƙaramin itace cikin yini ɗaya, tsagar kuma za ta sha ruwa ta ɓata awo. Da hunturu, ƙananan guntaye kan bushe cikin mako biyu zuwa uku. Da damina sai an ƙara haƙuri. Mai sikeli ya riƙa auna su bayan kowane kwana biyu ko uku, ranar da nauyin ya daina raguwa sun bushe. Marar sikeli ya buga biyu da juna: busasshe ƙararsa garau take, ɗanye kuwa ƙararsa a dakushe.

Lambobin da ke cikin littattafan katako na itacen da ya bushe ne a iska, mai sauran laima kamar kashi 12 cikin ɗari. Namu da ya sha iskar hunturu yakan fi haka bushewa, saboda haka kada ka yi mamaki idan lambarka ta ɗan gaza ta littafi.

Ka ware ɗanyen guntu ɗaya ka ƙulle shi a leda, za mu neme shi a gaba.

Mataki na 3: Gwajin sanda, mafi sauƙi

Cika gorar robar nan da ruwa. Ka saka sandan a tsaye a hankali, kada ka jefa shi. Ƙuncin gorar ne zai hana shi kwanciya. Idan ya jingina da gefe, ka ɗan ƙwanƙwasa gorar har ya saki ya tsaya inda yake so. Yi alama daidai inda ruwa ya tsaya, ka fitar da shi ka auna tsawon da ya jiƙe, ka raba da tsawon sandan gaba ɗaya. Idan santimita 13 ne suka shiga ruwa cikin 20, dansitinsa 0.65 ke nan. Idan 6 ne kawai, 0.3.

Dalilin da ya sa haka ke aiki shi ne abin da ke yawo a kan ruwa yana nutsawa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, daga nan ya tsaya. Wani masani Bagirke mai suna Arshimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fara tsara wannan ƙa'ida a rubuce. Ma'anarta a aikace ita ce layin ruwan da ke jikin itace shi kansa ma'auni ne. In ka saba, kana tsaye a gadar Kwalkwalawa ta Sakkwato ka hango gungume ruwa na tafe da shi, daga yadda ya lume za ka iya ƙiyasta nauyinsa: rabi a ciki rabi a waje kusan 0.5 ne, wanda bayansa kawai ke leƙowa ya kai 0.9.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne amfani da sanda mai kauri a gindi, siriri a kai. Rabin tsawonsa ba rabin jikinsa ba ne, don haka lissafin ba zai tsaya ba. Na biyu shi ne jinkiri. Busasshen itace yana shan ruwa ta bakin yanka da sauri, musamman rimi da kuka. Ka karanta alamar cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin, ko ka ɗiga narkakken kyandir kaɗan a baki biyun kafin ka saka.

Mataki na 4: Awo da sikeli

Kullum a auna nauyi tukuna, tun itacen bai taɓa ruwa ba. Ɗora dunƙulen a sikeli ka rubuta giram nawa ne. Sannan ka auna tsawo da faɗi da kauri da santimita, ka ninka su. 10 sau 5 sau 4 ya ba da 200, girman dunƙulen ke nan da mililita. Idan nauyin giram 150 ne, ka raba 150 da 200, ka sami 0.75. Kada ka dogara da awon da ka faɗa wa kafinta, ka sake aunawa da kanka, domin kuskuren milimita biyu a kauri yana canza sakamakon da kashi biyar cikin ɗari.

Idan guntun karkatacce ne, ba ya aunuwa da rula, ga dabarar da na fi so. Ɗora kofi ko ƙaramin kwano mai ruwa a kan sikelin, ka danna maɓallin da ke mayar da shi sifiri. Soka allura a jikin itacen, ka danna shi cikin ruwan har ya lume gaba ɗaya, amma kada ya taɓa ƙasan kwanon ko gefensa, kada kuma ruwa ya zube. Lambar da sikelin ya nuna da giram, ita ce girman itacen da mililita, domin nauyin ruwan da ya ture ne sikelin ke ji. Misali guntun ya auna giram 86 a bushe, sikelin ya nuna 112 da aka danna shi, ka raba 86 da 112, ka sami 0.77. Idan mai nutsewa ne, sai ka ɗaure shi da zare ka rataya shi a tsakiyar ruwan. Hannu yakan yi rawa, lambar ta riƙa tsalle, don haka ka jingina gwiwar hannunka a tebur, kada yatsanka ya shiga ruwan.

Mataki na 5: Idan babu sikeli

Ruwan da kansa zai zame maka sikeli. Samo gwangwani ko kofi mai faɗin baki, ka ajiye shi a cikin busasshiyar tasa, ka cika shi taf har ya fara malala. Jira ya daina ɗiga, ka goge tasar. Ɗiga ɗigon ruwan sabulu ɗaya a kofin tun kafin cikawa, saboda ruwa yakan yi tudu a bakin kofi ya ƙi zuba, sabulun ne ke karya wannan tudun.

Saka itacen a hankali ka bar shi ya yi yawonsa. Ruwan da ya zubo a tasa ka zuƙe shi da sirinji ka auna. A ce mil 45 ne. Nauyin itacen ke nan, giram 45, ko da ba ka ɗora shi a kan komai ba. Yanzu ka danna shi da allura har ya lume, ka sake auna ruwan da ya ƙara zubowa. A ce mil 30 ne. Girman itacen duka 45 da 30, wato 75. Raba 45 da 75, ka sami 0.6.

Ka maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici, domin wannan hanya tana da ɓarnar ruwa a jikin tasa. Guntu babba ya fi ƙarami ba da amsa mai kyau a nan.

Wannan hanya ba ta aiki ga itacen da ya nutse, sai a koma ga gishiri. Narkar da gishiri giram 360 a ruwa lita 1, ko kuma ka yi ta zubawa kana motsawa har ya ƙi narkewa ya kwanta a ƙasa. Dansitin wannan ruwa ya kai kusan 1.2. Itacen da ya nutse a ruwan famfo amma ya taso a wannan, lambarsa tana tsakanin 1 da 1.2. Yara suna son wannan sashe fiye da kowane, ganin guntun da ke kwance a ƙasan gora ya fara ɗagowa a hankali yayin da ake ƙara gishiri. Ruwan teku ma ya ɗan fi na kogi nauyi, kusan 1.025, shi ya sa jirgi ɗaya da kaya ɗaya ya fi lumewa a kogi fiye da teku.

Abin da za ka sa ran gani

Busasshen rimi yakan faɗo kusa da 0.3, kuka ma tana can ƙasa. Farin katakon obece da ake kawowa daga kudu kusan 0.4 ne, iroko kusan 0.65, maɗaci tsakanin 0.7 da 0.8. Kirya da marke da zuciyar tsamiya suna kan iyaka, daga 0.9 zuwa 1 da ɗan ɗoriya, shi ya sa wani guntun zai leƙo da ƙyar, wani daga bishiya ɗaya ya tafi ƙasa. Kada wannan ya dame ka, ba kuskurenka ba ne. Bishiyar da ta girma a fadama da wadda ta girma a tudu ba sa zama ɗaya, gindi da reshe ma haka. A duniya, balsa ta Kudancin Amurka tana cikin mafi rashin nauyi, kusan 0.16, yayin da baƙin itacen nan na Afirka da ake yin sarewar Turawa da shi ya haura 1.2, ba ya ko tsayawa a saman ruwa.

Mataki na 6: Gano abin da ke riƙe da itace a sama

Wannan shi ne matakin da bana so a tsallake, domin shi ke sa a fahimci sauran.

Ɗauki guntun darbejiya ko maɗaci ka danna shi cikin ruwan ɗumi a kofin gilas, ka kawo idonka kusa da bakin yankan. Za ka ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga ramukan da ido bai cika gani ba, wasu su maƙale a bakin kamar ƙwayar gero kafin su saki su hau sama. Iska ce. Jikin itace siraran bututu ne jere da juna, waɗanda ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye lokacin da bishiyar ke raye. Da ta bushe, iska ta maye gurbin ruwan.

Naman itacen kansa, wato bangon waɗannan bututu, dansitinsa kusan 1.5 ne, kuma wannan lamba kusan ɗaya ce a rimi da kirya da kowace bishiya. Ashe asalin itace ya fi ruwa nauyi. Rimi yana tasowa ne saboda kusan kashi huɗu cikin biyar na jikinsa fili ne, kirya kuma bangon bututunta kauri gare shi, filin iskar kaɗan ne.

Ka tabbatar da haka da hannunka. Ɗebo garin zarto na rimi ko na farin katako, ka zuba a kofin ruwa da ɗigon sabulu, ka motsa ka ajiye. Kafin wani lokaci za ka tarar yawancinsa ya kwanta a ƙasa, alhali dunƙulen da aka yanko shi daga jikinsa yana yawo a sama. Ko ka tafasa 'yan siraran tsinkaye, irin na ashana da aka cire kansu, na kamar rabin awa, ka bar su su huce a cikin ruwan. Zafi ya kori iskar, sanyi ya ja ruwa ya cike gurbinta. Idan ba su nutse a karon farko ba, ka sake tafasawa. Babba ne zai yi wannan aiki, ba yara ba.

Sannan ka kwance ɗanyen guntun da ka ƙulle a leda ka saka shi gefen busasshen ɗan'uwansa, ka ga bambancin layin ruwansu. A ƙarshe ka bar busassun guntayen a bokiti, ka riƙa yi musu alama duk bayan 'yan kwanaki. Layin zai yi ta hawa. Masu nauyi za su riga nutsewa, marasa nauyi su ɗauki makonni ko watanni. Ka rufe bokitin saboda sauro, ka kuma nisanta shi daga inda ƙananan yara ke rarrafe.

Mataki na 7: Daga guntu zuwa kwale-kwale

Sanin lambar yana gaya maka nawa itace zai iya ɗauka. Gungume mai girman lita 100 yana ture ruwa kilo 100 idan ya lume duka. Idan na rimi ne mai 0.3, nauyinsa kilo 30, saura kilo 70 na kaya. Na maɗaci mai 0.75 zai ɗauki kilo 25 kawai. Na kirya mai 0.95, kilo 5.

To me ya sa ake iya sassaƙa jirgi da itace mai nauyi, har ma a ƙera shi da ƙarfen da ya ninka ruwa nauyi kusan sau takwas? Ɗauki gwangwanin madara biyu. Ɗora ɗaya a kan ruwa bakinsa a sama, ka murƙushe ɗayan da guduma har ya zama dunƙule ka saka. Nauyinsu ɗaya, amma na farko ya tsaya, na biyu ya tafi ƙasa. Kwarmin cikin jirgi da iskar da ke ciki duk ana lissafa su cikin girmansa. Haka goran da masunta ke kifawa a kai a bikin kamun kifi na Argungu yake ɗauke ƙato. Yanzu ka riƙa jefa tsakuwa ɗaya-ɗaya a gwangwanin da ke sama, kana duba yadda bakinsa ke matsowa kusa da ruwa. Lura da abin da zai faru a ƙarshe: ba a hankali yake nutsewa ba, da ruwa ya sami bakin shiga, nan take ya tafi.

Ina daɗewa a kan wannan da ɗalibai, musamman 'yan garuruwan bakin ruwa irin su Wamakko da Silame da Goronyo, waɗanda ke hawa jirgi zuwa kasuwa da gona. A ce jirgi ne wanda shimfiɗarsa a kan ruwa ta kai murabba'in mita 3.5. Kowane kilo 35 da aka ƙara zai lumar da shi santimita 1. Mutum goma masu kilo 60 kowane za su cinye santimita 17 na gefen da ya rage a sama. Ga buhunan hatsi, ga babur, ga damin ɗanyen itace wanda ya kusa ninka busasshe nauyi, ga ruwan da ya tsiyayo ciki ba a kwarfe ba, kowace lita kilo guda. Tsohon jirgin da ya shekara a ruwa katakonsa ya sha, ya fi ranar da aka ƙera shi nauyi. Ba mu manta da haɗarin jirgin da ya auku a ƙaramar hukumar Shagari a watan Afrilun 2022 ba, inda mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne da suka fita neman itacen girki. Allah ya jiƙansu. Kafin ka shiga jirgi ka dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakinsa. In ba ta kai taki ɗaya ba, ka jira wani sawun, ko da za a ce ka cika tsoro. In kuma jirgin katako ya kife yana yawo a sama, a riƙe shi, kada a rabu da shi a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. Jarka mai lita 25 da aka rufe da kyau tana iya ɗaga fiye da kilo 20, tana taimako in babu komai, amma ba ta kai rigar ruwa ba, domin jarka sai da ƙarfin hannu, hannu kuma yana gajiya. Duk gwajin nan a baho ake yin sa, kada wani ya ce zai kai yara bakin kogi don su gani.

A tudu ma lambar tana da amfani. Itace mai nauyi ya fi daɗewa a murhu ya fi ba da garwashi, dalilin da ya sa maƙera ke neman gawayin kirya ke nan, masassaƙa kuma ke son ta a turmi da taɓarya. Amma in za ka sayi itacen girki, kada nauyin hannu kaɗai ya ruɗe ka, domin ɗanyen gawo ma yana da nauyi, sai dai nauyin ruwa ne, hayaƙi kawai zai ba uwargida. Dubi bakin yanka: busasshe yana da 'yan tsage-tsage, ɓawonsa yana saki, ƙararsa garau.

Idan lissafi ya ƙi fita

Idan lambarka ta haura 1.4 ko ta gaza 0.1, akwai kuskure a awo, domin ba ka da irin wannan itacen a hannu. Yawanci an haɗa santimita da inci ne, saboda tef ɗin tela fuska biyu gare shi, ko kuma an juya rabon, an raba girma da nauyi maimakon nauyi da girma. Idan lambar irin itacen a littafi 0.8 ce amma busasshen guntun ya nutse, duba ko akwai ƙusa a ɓoye a cikinsa, abin da ya zama ruwan dare a ragowar katakon rufi. Idan gwajin sanda da na sikeli sun bambanta da kamar 0.05, wannan daidai ne ga kayan gida. In sun fi haka nisa, mai yiwuwa ɗaya daga guntayen ya sha ruwa kafin a auna nauyinsa. Mayar da su duka biyun inuwa su sake bushewa na mako guda, sannan ka fara daga sikeli, ruwa ya zo daga baya.